Ordered ko journal: wanne ya fi tsare fayil a ext4 idan faifai ya ƙi karɓar rubutu?

A tsarin data=ordered, wanda ext4 (tsarin ajiye fayiloli na Linux) ke zuwa da shi, bayanan tsarin fayil (metadata) kaɗai ke shiga kundin jbd2, wato journal, inda ake fara rubuta canje-canje kafin a kai su mazauninsu. Ana fara rubuta abin da ke cikin fayil a mazauninsa, sannan a tabbatar da abin da ke kundin, yawanci duk daƙiƙa 5. Matsalar tana nan: idan rubutun ya faskara, zaɓin asali na data_err=ignore saƙon kuskure kawai yake fitarwa, aiki ya ci gaba. Sai fsck, manhajar duba lafiyar tsarin fayil, ya ga komai lafiya, alhali cikin fayil ɗin ya lalace. Maganinsa a sa data_err=abort tare da errors=remount-ro, domin kundin ya tsaya, faifan ya koma na karatu kaɗai.

Shi kuwa data=journal, komai sai ya bi ta kundin, wato ana rubuta kowane bayani sau 2. Ya fi tsaro idan wuta ta ɗauke, amma yana da nauyi, kuma yana kashe O_DIRECT, hanyar karatu da rubutu kai tsaye a faifai.

Ga rumbun bayanai, ordered da abort ya fi dacewa, muddin manhajar rumbun ba ta sake gwada fsync (umarnin tabbatar da cewa rubutu ya sauka a faifai) bayan ya gaza. A 2018 masu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL suka gano cewa fsync na biyu kan ce an yi nasara, alhali bayanan sun salwanta.