Makarantar da na koyi gyaran farce a Kaduna

Wata uku na yi a wata makarantar kwalliya a Barnawa. Kafin in biya ko sisi, sai da na tambaya ko suna shirya ɗalibai zana jarrabawar NABTEB, wato hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa, domin takardar da mai shago ya buga da kansa ba ta wuce ƙofar shagonsa.

Malamarmu ta fi takura mana kan tsafta. Almakashi da abin kankare farce sai an tafasa su bayan kowace kwastoma, saboda ciwon hanta yana bin jini. Da farko na ɗauka fitina ce kawai.

Inda suka gaza: mu goma sha biyu, fitilar busar da jan farce guda biyu, kullum layi. Kuma ba wanda ya faɗa mana cewa yawancin matan unguwarmu lalle suke so saboda alwala. Wannan a wajen wata Anti na koyo shi daga baya.