Tsarin abincin jika 25 da ya raba ɗiyata da gyaɗa

Na daɗe ina son in rubuta wannan, sai in fara in goge. Jiya maƙwabciyata ta aiko yarinya in ba ta lambar matar nan mai "tsarin abincin gyaran fata", wai ɗanta ma ya kama susa, shi ne na ce yau kam sai na zauna na faɗi abin da idona ya gani. Ba zan kira suna ba. Matan Maraɗi da ke WhatsApp sun san ta, sun san hotunan nan nata na kafin da bayan, sun kuma san kuɗin. Ni jika 25 na tura, wato sefa dubu 25, na ji an ce yanzu ya hau.

Ɗiyata na da wata 14 lokacin. Tun tana wata huɗu abin ya fara mata, kumatu su yi ja su bushe kamar an shafa toka, daga baya ya sauko wuya da lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. A likita aka ce egzema ce. Ba kyasbi ba fa, don danginmu na Katsina da sun ji kalmar sai su ɗauka kyasbi ake nufi. Ba ƙazwa ba ce kuma, ba a ɗauka, ga yayyenta biyu shimfiɗa guda suke kwana da ita babu wanda ya samu ko ƙurji. Da hunturu ya kankama a Disamba sai abin ya fi ƙarfinmu. Ƙarfe biyu na dare tana goga wuya a jikin katifa tana kuka, da safe in tarar da ɗigon jini a zanen gado. Wanda bai taɓa kwana zaune da yaro mai ƙaiƙayi ba ba zai gane yadda mace da hankalinta za ta tura kuɗi ga wadda ba ta taɓa gani ba.

Hoto kawai ta ce in turo. Ba ta tambayi nauyin yarinya ba, ba ta tambaya ko ta taɓa cin wani abu jikinta ya tashi ba. Da yamma ɗan kabu-kabu ya kawo mani roba biyu, ɗaya man kaɗe, ɗaya wani farin mai da babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, ita kuma takardar ta shigo ta waya. Jerin abin da za a bari har wata uku: madara, nono, yawur, ƙwai, kifi, alkama, awara, tumatir, lemu, da gyaɗa da duk abin da aka yi da ita. Ni ma da nake shayarwa an ce in bari.

To, ku da kuke garin nan ku faɗa mani yadda ake raba yaro da gyaɗa a Maraɗi. Garin da cinikin gyaɗa ya tashe shi tun zamanin Turawa. Man miya na gyaɗa ne, yaji da ƙuli, kwaɗon zogale da ƙuli, tsire da ƙuli, kilishi ma da tunkuza ake shafe shi. Tukunyarta daban na koma yi, ludayinta daban. Abin da ya rage mata kunun hatsi ne tsura, shinkafa, dankali da kabewa. Fura ba nono, ta kurɓa sau biyu ta ture. Surukata, Hajiya, tun ranar farko ta ce, "Ke ɗiyar nan, wane irin magani ne ake yi da yunwa?" Na ce Hajiya zamani ne. Allah ya yafe mani wannan amsar.

Gaskiya dai gaskiya ce, sati biyun farko jiki ya yi kyau. Wuya ya washe, muka samu barci. Na yi mata saƙon murya na godiya har da hawaye. Man kaɗenta ma mai kyau ne, ba shi da gauraye, ba ya wari. Tana kuma amsa saƙo da wuri, ko da dare ne. Da na zauna rubutun nan niyyata in ba ta tauraro uku cikin biyar saboda waɗannan, in ce dai tsarin ne bai karɓe mu ba.

A sati na biyar farin man ya ƙare, kwana huɗu tsakani ƙaiƙayi ya dawo ya fi na da. Na gaya mata. Ta ce, "Maman yara, akwai abin da ake ba ta a ɓoye, ki binciki gidanki." Ta ƙara wake da naman shanu a jerin, ta ce in sake sayen man. Na saya. Na kuma dinga yi wa yayyenta faɗa a kan laifin da ba su yi ba.

Wata ranar Juma'a, muna cikin wata na uku, mun je gaida Hajiya a Bagalam. Ana ta hira a tsakar gida, ni ina ɗaki ina sallar la'asar. Ɗan ƙanen babansu, yaro ɗan shekara biyar, yana cin ƙuli-ƙuli, ta miƙa hannu, ya gutsura mata. Abin da bai kai kan yatsa ba. Yarinyar da tun tana wata bakwai take shan kunun gyaɗa kusan kullum, ko atishawa bai taɓa sa ta ba. Ina sallamewa na ji Hajiya na salati. Kafin in fito leɓenta ya kumbura ya juye, ido ɗaya ya kusa rufewa, borin jini ya feso mata daga wuya har ciki, jajaye manya-manya. Sai amai. Sai wani tari mai ƙara kamar ana busa ƙaramin usur a ƙirjinta. Ban san sanda na fita titi ba takalmi ba. Ɗan kabu-kabun da ya tsaya, Allah ya saka mashi, bai ma tambayi kuɗi ba, ya ce, "Hau, Hajiya, riƙe ta da kyau." Ina jin jikinta yana saki a hannuna muna ratsa cunkoson bakin kasuwa, ina kiran sunanta ina jijjiga ta, shi kuma yana ta danna oda. Wannan tafiyar ba ta fi minti goma ba, amma har yau in na bi ta hanyar sai in kau da kai.

Muna isa aka karɓe ta da gudu, aka yi mata allurar adirenalin a cinya, aka sa mata iska. A hankali numfashin ya daidaita, kumburin ya fara saɓewa. Babansu ya iso da rigar masallaci, bai ce mani komai ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi. Nan muka kwana.

Da safe likitan yara ya zaunar da ni ya ce in ba shi labari tun daga farko. Na buɗe waya na nuna mashi jerin. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya ce, "Madam, wa ya auna ta kafin a hana ta duk wannan?" Na ce hoto na tura. Ya yi shiru, sannan ya yi mani bayanin da da na same shi a Disamba da ban tura ko dala ba. Egzema asalinta fata ce da ba ta riƙe ruwa, tana tsattsagewa, sanyi da ƙura da sabulu mai ƙarfi su shiga su tayar da ita. Yawancin yara ba abinci ne ke kawo masu ba. A cikin masu ciwon sosai, kamar ɗaya cikin uku ne ke da abincin da jikinsu ba ya karɓa, kuma shi wannan yakan nuna kansa nan take, cikin mintoci zuwa awa biyu, da kumburi ko borin jini ko amai. In ma ana zargin wani abinci, guda ɗaya ake cirewa, sati biyu zuwa huɗu, likita na biye, in ba a ga canji ba a mayar. Abin da ya fi ɗaga mani hankali shi ne da ya ce yaro mai egzema da ke cin abu lafiya lau, in aka yanke mashi shi wata da watanni, jikinsa na iya manta shi, ranar da ya sake haɗuwa da shi ya ɗauke shi abokin gaba.

Ƙanen babansu da ke karatun likita a Jami'ar Ɗandikko Ɗankulodo shi ya zo daga baya ya karanto mani alƙaluma, don na ƙi yarda abu haka sananne ne. A Landan an yi bincike kan jarirai 640 masu egzema mai tsanani ko waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu, sakamakon ya fito a 2015. An raba su biyu, wasu ana ba su gyaɗa tun suna jarirai, wasu an hana su. Da suka kai shekara biyar, a cikin waɗanda aka hana kashi 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi gyaɗa, a cikin masu ci kashi 3 kacal. Wani kuma a Amurka a 2016 ya duba yara masu egzema da aka yanke wa abinci, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda da ba su taɓa yin kumburin nan ba suka fara yi bayan an yanke. Wato abin da Hajiya ke yi da hankalin tsufa, na ɗura wa jika kunun gyaɗa, shi Turawa suka kashe kuɗi suka gano. Ni kuma na biya jika 25 aka koya mani akasinsa.

Farin man nan likita ya ce in jefar. Duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kada ya taɓa jikin jariri, don masu haɗe-haɗen nan sukan zuba irin maganin nan mai ƙarfi na cikin man bilicin. Fata ta washe cikin kwanaki, a daina ta dawo da fushi, in an daɗe kuma ta yi siriri. Na tuna sati biyun nan da na yi ta godiya, na tuna ranar da robar ta ƙare. Kowa ya yi lissafinsa.

Tauraro uku na ce ko? Ku bari, yanzu na tuna awo. Kafin a sallame mu aka ɗora ta a sikeli, aka duba karnenta, wato katinta na awo, tun Disamba ba ta ƙara ko giram ɗari ba. Majo, ma'aikaciyar jinya, ta zagaya mata zaren nan mai launi uku a damtse, ya tsaya a rawaya. Kore daga santimita 12 da rabi yake farawa, ja ƙasa da 11 da rabi, tamu tana tsakani. Ɗiyar da buhun hatsi da na shinkafa ke jingine a ɗakin uwarta, ana rubuta mata tamowa. Na zauna a benci cikin matan da suka taso daga ƙauyuka da rashi na gaske, kunya ta hana ni ɗaga kai. Abin da ya ƙarasa ni, ɗan ƙullin Plumpy da ake ba yara su murmure da gyaɗa ake yin shi, ita kuma yanzu an rubuta da jan biro a karnenta kada ta kusance ta. Majo ta ce, "Yi haƙuri, Maman yara, ke da hannunki za ki tashe ta." Tauraro ɗaya, shi ma na man kaɗe ne, wanda da jika guda zan cika roba a kasuwa.

Na rubuta wa matar duk abin da ya faru, har da hoton fuskar yarinya. Amsarta: "Ai kin gani, da ma na faɗa maki gyaɗa ce matsalarta." Ban sake ce mata komai ba a kan wannan, don ban yarda da bakina ba.

Yanzu dai alhamdulillahi. Ƙwai da madara a likita aka fara mayar mata, ɗan kaɗan a cokali muna zaune ana kallonta, babu abin da ya faru. Kifi, wake, awara, biredi duk sun dawo. Kada wadda ta riga ta yanke wa ɗanta abinci tsawon watanni ta ce za ta gwada a gida ita kaɗai, ni na ga abin da kan yatsan ƙuli ya yi. Fata kuwa abin da ya kwantar da ita ba shi da tsada: wanka sau ɗaya da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti biyar, ba soso, ba sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayar cuta. Tana fitowa, jiki da sauran danshi, in lafta mata basilin ko man kaɗe, in ƙara sau biyu ko uku kafin dare. In wuri ya yi ja, man hydrocortisone na kashi 1 da likita ya rubuta, na farmasi mai takarda a kwali, kwanakin da ya ƙayyade. Farce a yanke, riga ta auduga, turaren wuta na fitar da shi daga ɗakin da take kwana, wanda ya fi komai yi mani wuya. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, bayan gwiwa na nan yana tashi yana kwanciya, amma muna barci, damtsen ma ya koma kore.

Gyaɗa ce har yanzu babu. Duk gidan suna ko biki sai na riƙe ta a cinya kamar mai gadin kaza, Hajiya ta daina ajiye ƙuli a ɗakinta saboda jikarta guda. Likita ya ce za a sake dubawa in ta ƙara girma. Maƙwabciyata na aika mata cewa ba ni da lambar, na raka ta likita da safen nan.

Saƙon muryar nan nawa na godiya kuwa, shekaranjiya na sake ganinsa a status ɗin matar, haɗe da hoton wuyan ɗiyata na sati biyun farko. Sau uku ke nan ina roƙonta ta cire.