Garmahon Baba da abin da na gani a kantunan Faransa

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ya Inna, ya yara, ya mutanen Yelwa baki ɗaya? Ya kuma zafin Garwa?

Saƙonka ya iso kan garmahon marigayi Baba, Allah ya jiƙansa. Ka ce murya ta koma ja, in sayo sabo in ba masu zuwa hutu su taho da shi. Na zaga kantunan Liyon, na tambayi masu harkar, kuma shawarata kada mu jingine na Baba.

Faifai dai ya dawo kasuwa a nan, har matasan da ba su taɓa ganin kaset ba suna saye. Shi ya sa garmaho ya cika ko'ina, nagari da na banza. Akwai wasu ƙanana masu siffar akwati, da lasifika a jikinsu, masu ɗaukar ido da araha. Su ne na fi jin tsoron wani ya kawo maka tsaraba. Hannunsu roba ne, ba a daidaita nauyinsa, allurar tana danne faifai fiye da kima. Faya-fayan Baba ba su da na biyu, ba zan so a ɗora su a kan wannan ba. Na kirki kuwa, irin Rega na Ingila, ko Pro-Ject na Ostiriya, ko Audio-Technica na Japan, wasu daga ƙananansu sukan kai Yuro 300 zuwa 400. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kusan dubu 200 zuwa dubu 260 ke nan, ban sa kuɗin kaya da na duwan, wato kwastan, ba.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ake sayarwa. A kantin da na shiga akwai ɗaki na musamman da kujera. Mai kanti ya ɗora faifai ɗaya a kan garmaho biyu, ya ce in saurara, ya fita ya bar ni. Bai matsa mini in saya ba. Doka ta ba sabon kaya garanti na shekara 2, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya mayar ko da ba dalili. A gida ka san yadda muke yi: a jona a gabanka, ya yi ƙara, ka biya, daga nan tsakaninka da Allah. Sai dai garantin nan ba zai amfane mu ba, don ba wanda zai ɗauko garmaho daga Garwa ya dawo da shi Liyon.

Wajen gyara kuwa mun fi su sauƙi nesa ba kusa ba. A nan kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, wasu sai ka biya kafin su duba su faɗa maka abin da ya lalace. Sau da yawa sai su ce sabo ya fi araha. Shi ya sa tsofaffin garmaho na Jamus da Japan suke zube a kasuwannin gwanjo na ranar Lahadi, da yawansu ba abin da ya same su sai bel, robar da ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwarmu zai buɗe, ya shinshina, ya gano inda ya ƙone, ya liƙe da darma kana zaune a benci. Kayan gyara ne ba shi da su, su kuwa a nan a ambulan ake aiko maka da su har gida.

To, ciwon namu ina kyautata zaton bel ne. Garmaho iri biyu ne: wani roba ce ke jan farantin daga inji, wani kuma injin ne ke juya farantin kai tsaye, irin Technics SL-1200 da ya fito a 1972. Na Baba mai bel ne. Roba ba ta jure zafin Maris da Afrilu na Garwa, inda ake haura digiri 40. Takan saki, farantin ya kasa kai juyi 33 da sulusi a minti, sai murya ta ja. Da sabo za mu saya saboda yanayinmu, da mai juyi kai tsaye zan zaɓa. Amma bel kuɗinsa kaɗan ne, zan sayo biyu.

Idan kuma wani ya yi maka tallan na Amurka, ka yi hattara. Ƙarfin wutarsu volt 120 ne, namu 220, bugun tasu 60 a daƙiƙa, tamu 50. Ko ka sa tiransifoma, tsofaffin da injinsu ke bin bugun wuta za su riƙa juyi a hankali. Na Faransa wutarsu da filoginsu duk irin namu ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A hoton da ka turo na ga ƙwandalar dala biyar, wato sefa 25, an manne ta da salatif a kan hannun, daidai saman allura. Na san dalili, don kada ta yi tsalle ne, kuma gidaje da yawa haka ake yi. Don Allah, Yaya, a cire ta yau. Allura irin wannan nauyin da take so bai wuce giram 2 ba ko kusa da haka, ƙwandalar ita kaɗai ta fi wannan. Kowane juyi tana kankare ramin faifan, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Tsallen da take yi alama ce ta cinyewa, ko teburin bai daidaita ba, ko nauyin da ke bayan hannun ya goce. Allura takan yi awa 500 zuwa 1000, tamu kuwa tun Baba na da rai ba a canja ta ba. Zan haɗo da sabuwa da ɗan ma'aunin nauyi.

Faya-fayan a tsaye za a jera su, kada a jibge wani kan wani, kuma a fitar da su daga ɗakin da ke ƙarƙashin kwano, zafi na lanƙwasa su. Da hunturu a rufe murfi, a yafa zane a kai. Kafin a ɗora faifai a share shi da burushi mai laushi ana bin zagayen layin, allura kuma daga baya zuwa gaba kawai. Tsofaffin nan masu nauyi, masu juyi 78, kada sifirit ya taɓa su, yana narkar da su, kuma allurarsu daban ce. Ƙugin da ka ce yana tashi, duba siririyar wayar nan ta bayan garmahon, a ɗaure ta a ƙusar da ke bayan amfili, na'urar ƙara sauti. A jona komai ta regilata, a zare filogi duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Abin da nake so ka turo mini: hoton lambar da ke bayan garmahon, da rubutun da ke jikin kan allura. Ka ɗaga farantin ka cire tsohon bel, ka ninka shi biyu, ka auna tsawonsa da faɗinsa. Masu tafiya za su tashi farkon Yuli, in sha Allahu, ka ga gara in samu kafin ƙarshen wata. A gaida Inna da kyau, a ce ina neman addu'a.