Teen Wolf kashi na 1: ya ja ni sosai, amma maganar gawar yarinyar nan ta tsaya min a wuya

Duk wanda ya ce min in kalli Teen Wolf sai ya ƙara da cewa in yi haƙuri da zango na 1, wai sai an yi nisa yake daɗi. To ni dai kashi na farko ne a gabana, wanda suka sa wa suna Wolf Moon, kuma gaskiya ban ga abin haƙuri ba a farkonsa, tun minti biyar ɗin farko ya riƙe ni. Fim ɗin labarin wani yaro ne da ya koma yana rikiɗa ya zama kyarkeci bayan an cije shi a daji, kuma ba sabo ba ne, tun 5 ga Yunin 2011 MTV ta fara haska shi a Amurka, ya yi zango 6, kashi 100 cif, aka rufe shi a 2017, amma duk da haka wanda bai gani ba kuma ba ya son a ba shi labari gara ya tsaya a nan, don har ƙarshen kashin zan taɓo.

Yadda suka buɗe shi ya burge ni wallahi. Babu dogon surutu, babu wani mai ba da labari a bayan fage. Yaro ne Scott a ɗakinsa da daddare yana shirin komawa makaranta gobe, ya ji motsi a waje, ya ɗauko sandar wasa ya fito yana sanɗa, kawai sai ga abokinsa Stiles ya reto daga saman rufin baranda, kai a ƙasa ƙafa a sama, su duka biyun suka kurma ihu. Daga nan Stiles ya fara zuba, babansa shi ne shugaban 'yan sandan garin Beacon Hills, ya saci jin kiran da aka yi masa, wasu masu gudun motsa jiki sun tsinci gawar wata yarinya a daji, kuma rabi kawai aka samu, ana can ana neman sauran rabin. A ɗan wannan lokacin ka riga ka san waye mai tsoro, waye mai rawar kai, ka san abotarsu ta daɗe, ka san akwai abin da ke cikin dajin nan. Dylan O'Brien da ya fito a Stiles shi ne ran kashin nan gaba ɗaya, kuma wai kafin wannan ba a san shi a fim ba, bidiyon barkwanci yake ɗorawa a YouTube. Maganarsa da sauri, hannu na yawo, ido na yawo, in yana waje ba ka iya kallon kowa sai shi.

Shigarsu daji ma ta yi. Scott yana da asma, yana hawan tudu yana haki yana zuƙar abin shaƙarsa, karen 'yan sanda ya kama Stiles, babansa ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, aka bar Scott shi kaɗai a bayan bishiya. Sai garken barewa suka ɓarko a guje suka banke shi, abin shaƙar ya faɗi, ya kunna hasken waya yana lalube cikin busassun ganye, hasken ya sauka a kan fuskar yarinyar. Nan na ajiye abin da nake ci. Ya gangara rami, wani abu ya danne shi ya cije shi a kwiɓi, ya fito titi da gudu saura ƙiris mota ta kwashe shi. Har nan ba ni da abin cewa sai yabo.

Kuma wurin da ya fi min daɗi duk kashin ba ma na tsoro ba ne. Washegari a aji, Scott ya ji ƙarar waya kamar a kunnensa, ya waiwaya babu wanda ya motsa, ashe daga can waje ne, sabuwar ɗaliba Allison ce zaune a benci tana gaya wa mamanta ta manta da biro. Da aka shigo da ita ta zauna a bayansa, bai ce komai ba ya juya ya miƙa mata biro. Shi ke nan. Ba wanda ya tsaya yana mana bayani cewa jinsa ya ƙaru, mun ji da kunnenmu tare da shi, kuma da wannan biron aka ƙulla soyayyar. Wannan shi ne iya aiki.

To amma daga nan ne raina ya fara ɓaci, kuma har na gama bai huce ba.

Yaron nan fa da idonsa ya ga rabin gawar mutum. 'Yar wani ce, an raba ta biyu an yar a daji, 'yan sanda sun kwana suna nema da karnuka da tocila. Shi kaɗai ya san inda take. Gari ya waye ya ɗauki jaka ya hau keke ya tafi makaranta. Da ya gaya wa Stiles a bakin ƙofa me kuke zaton ya biyo baya? Murna. Stiles har da tsalle, wai wannan ne abu mafi daɗi da ya taɓa faruwa a garin tun haihuwar Lydia, yarinyar da yake mutuwar so. Na san an saka ne don a yi dariya, kuma na san yara masu shekara 16 ba su cika hankali ba, amma haba, uban ɗaya daga cikinsu shi ne mai binciken, kalma ɗaya ta isa, ko takarda ce ba suna a jefa masa a mota. Ba wanda ya ko kawo maganar a ransa. Malami ma a aji cewa ya yi an kama wanda ake zargi don haka kowa ya mai da hankali kan takardar da ke gabansa, kuma ban ga an sake tada zancen wannan da aka kama ba har kashin ya ƙare.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da suka koma dajin da yamma. Na ɗauka lamirinsu ne ya tashi, ashe abin shaƙa ake nema. Suka zo wurin, gawa ba ta nan, Stiles ya ce ƙila wanda ya kashe ta ne ya ɗauke, Scott ya ce in ma shi ne Allah ya sa ya bar masa abin shaƙarsa don kuɗinsa ya kai dala 80. Dala 80! A wurin da jiya ya ga mutum kwance a haka. Ni a nan na dakatar da fim ɗin na ɗan zauna, don sai na ji kamar gidan da aka yi rasuwa amma ana ta kiɗan biki a tsakar gida. Kuma abin da ya sa ya fi min ciwo, Jeff Davis da ya tsara shirin nan shi ne fa ya ƙirƙiro Criminal Minds, mutumin da ya san yadda ake sa mai kallo ya damu da wanda aka kashe, ya san iyaye, ya san kuka, ya san suna. A nan ko suna bai ba ta ba a kashin farko, ya mai da ita dalilin shiga daji kawai, da aka samu cizon da ake so aka wuce ta.

Sai kuma cizon kansa. Maman Scott nas ce, shi kuma bayan makaranta a asibitin dabbobi yake aiki, wato in akwai yaron da ya kamata ya san haɗarin cizon naman daji da ciwon haukan kare shi ne. Ya manna bandeji ya yi shiru. Ko da tsoron faɗa ne, ai da sai a nuna mana yana tsoron, a nuna shi ya tsaya a ƙofar ɗakin uwar ya fasa, wannan kaɗai ya isa in yarda. Ba a yi ba, saboda ana sauri a kai mu fili.

Filin nan kuwa ya ci lokaci. Wasan lakros ne, wanda ake yi da sanda mai raga a kai ana cafe ƙaramar ƙwallo, a tsohon fim ɗin 1985 na Michael J. Fox da aka ɗauko sunan daga gare shi ƙwallon kwando ne, su suka canza. Karon farko da koci ya sa Scott a raga ya dinga cafe duk abin da aka jefo ya yi daɗi, musamman fuskar Jackson, kyaftin ɗin da ke ji da kansa. Amma sai aka sake komawa, ga tsalle ga wuntsila gudiddi a sama ga kiɗa, kuma ni duk lokacin tunanina yana wajen yarinyar can. Jackson da Lydia kuwa irin waɗanda muka saba gani ne a kowane fim na 'yan makarantar Amurka, mai kuɗi mai girman kai da budurwarsa mai yanga, ba wani sabon abu tukuna. Sai dai wurin da Jackson ya tsare Scott yana tambayarsa inda yake samun abin ƙara ƙarfi shi kuma bai ma gane me ake nufi ba, wannan na yi dariya da gaske.

Soyayyar ina sonta, ba zan ɓoye ba. Daren da Allison ta zo asibitin dabbobi cikin ruwan sama tana kuka ta buge kare da mota, Scott ya kalli karen ido cikin ido ya lafa, ya ba ta rigarsa ta canza, duk ya tafi a hankali yadda ya kamata. Crystal Reed da ta fito a Allison ta iya, duk da kana kallonta ka san ta wuce sakandare, shekararta 26 a lokacin. Tyler Posey da ya fito a Scott ne dai har yanzu bai zauna a rawar ba, komai ya faru sai ya buɗe baki ya zare ido, mamaki da tsoro da so duk fuska ɗaya. Kuma daren fati ya sake ɓata min rai, wata ya cika, jikinsa ya fara canzawa, ya bar yarinya a tsaye ya ja mota ya tafi, sai ga Derek, wani mai rikiɗa irin Scott, mutumin da ba ta taɓa gani ba, ya ce shi abokin Scott ne, ta bi shi ya kai ta gida. Sabuwa a gari, a makon da aka tsinci gawar mace a daji. Wace yarinya ce mai hankali irin yadda suka nuna mana Allison za ta yi haka? Kuma da aka koma makaranta ko bayani bai yi mata ba, haƙuri kawai, ta yi murmushi ta yafe.

Rikiɗar ma sai a hankali. Ido rawaya da farce da haƙora sun yi, amma gashin kumatu da goshin nan da suka kumbura masa bai ba ni tsoro ba ko kaɗan, kuma dabbar da ta cije shi gara da suka ɓoye ta a duhu, don ɗan abin da aka gani kana ganewa aikin kwamfuta ne mai araha.

Ina cikin wannan ƙorafin ne minti goman ƙarshe suka zo suka rufe min baki. Scott ya bi ƙamshin Allison cikin daji ya tarar da jaket ɗinta rataye a reshe, ashe Derek ne ya jawo shi, kafin su gama kokawa sai ga masu farautar masu rikiɗa su uku, wani abu ya fashe da haske ya kashe masa ido, kibiya ta huda hannunsa ta manne shi da bishiya. Derek ya cire shi suka tsere, yana gaya masa wai cizon nan kyauta ce aka ba shi kuma yanzu su 'yan uwa ne. Sai can a ƙofar makaranta, Allison ta ce ga babanta ya zo ɗaukarta, mutumin ya juyo, shi ne mai bakan nan na daji. Kai! Ban san lokacin da na miƙe zaune ba. Russell Mulcahy da ya ba da umarni ya san inda zai yanke, a daidai fuskar Scott ya tsaya, ba yadda za ka yi ka ƙi danna na gaba.

Na danna kuwa, kuma abin da na gani a kashi na 2 ya ƙara min haushin na 1 ne maimakon ya rage. Yarinyar sunanta Laura, 'yar uwar Derek ce, kuma shi ne ya ɗauke rabin gawar ya binne ta a gefen gidansu da ya ƙone. Wato mutumin da aka yi ta nuna mana yana tsaye cikin bishiyoyi da baƙar jaket yana muzurai kamar mugu, shi kaɗai ne a duk garin ya yi mata sutura, jaruman namu kuwa suna can suna lissafin dala 80 da wa zai shiga sahun farko a wasa. In da gangan suka yi haka to sun iya, amma ni ban ga alamar cewa shirin ya san yaran nan sun yi abin kunya ba, har zuwa suka yi suka tone kabarin.

Duk da haka zan ci gaba, saboda Stiles da kuma baban Allison. In za ku karɓa a wajen masu turawa ku ce a ba ku babban fayil ko da za a ƙara kuɗi, ƙaramin da na fara samu rabin wuraren daji baƙi ƙirin ne a waya, sai da na sake nema kafin na ga barewar ma da kyau. Kuma ku sa iyafis, don ƙarar waya da bugun zuciya da usur ɗin koci da ke huda kunnen Scott duk ba sa fitowa a sifikar waya.