Zooniverse: dandali mai amfani, amma me ke hana hoton buɗewa?

Zooniverse dandali ne da masu bincike ke zuba hotuna da bidiyo da tsofaffin takardu, 'yan sa kai kuma su duba su faɗi abin da suka gani. An buɗe shi a Disambar 2009, bayan da aikin Galaxy Zoo na 2007 ya nuna cewa jama'ar gari za su iya rarrabe siffofin dandazon taurari kusan 900,000. Jami'ar Oxford da cibiyar Adler da ke Chicago da Jami'ar Minnesota ne ke riƙe da shi. Ba a biyan ko sisi, kuma aikin na gaske ne. A Snapshot Serengeti, alal misali, kyamarori 225 aka kakkafa a dajin Serengeti na Tanzaniya. Sai a nuna maka jakunan dawa sun cunkushe a inuwa, ko kura ta kawo hancinta dab da gilashin kyamara cikin dare, a ce ƙirga su, ka faɗi me suke yi. A wannan fanni babu abin kushewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne lodi. Ka gama hoto ɗaya, ka danna maɓallin Done, sai wurin hoto na gaba ya tsaya fayau, ko alamar jira ta yi ta juyawa. Babban raunin dandalin, a ganina, shi ne sau da yawa shafin ba ya fayyace wa mutum daga ina matsalar take. Sai ka ga ɗan sa kai yana ta sabunta shafi sau goma, data na ƙonewa, alhali cutar daban, maganin daban. Kafin ka taɓa komai, duba abin da ya buɗe da abin da ya ƙi.

Idan tambayoyi da maɓallai sun fito amma hoton ne kawai babu, yawanci ba shafin ne ya lalace ba. Hotunan ba daga adireshin da ka shiga suke zuwa ba, suna da nasu rumbun a panoptes-uploads.zooniverse.org. Intanet ɗin makaranta ko na ofis kan bar babban shafin ya wuce ya tare wancan, haka ma ƙananan manhajojin toshe talla da ake liƙa wa burauza. Gwajin ba ya cin minti biyu: buɗe tagar sirri, wato Ctrl da Shift da N a Chrome, ko Ctrl da Shift da P a Firefox, domin a can waɗannan manhajoji a kashe suke sai in kai ka ba su izini. In hoton ya fito, ka kama ɓarawon. In bai fito ba, sauka daga layin ofis ka hau datar wayarka ka sake gwadawa.

Sai kuma nauyi. Wasu ayyukan hotuna uku suke haɗawa a matsayin abu ɗaya, wasu kamar Chimp&See bidiyo ne gaba ɗaya. A ce kowane hoto kilobait 500 ne, to hotuna 200 sun lashe megabait 100 ke nan. Inda sabis ke hawa da sauka, hoton zai fara saukowa ya yanke a tsakiya. Sabunta shafi a nan ƙarin asara ne, don yana sa a sake ɗauko abubuwa da dama daga farko. Gara ka ba shi daƙiƙa talatin, ko ka koma aikin da hoto ɗaya yake nunawa.

Idan kuwa shafin ne dungurungum ya yi fari, abu uku ake fara zargi. Na farko tsofaffin fayilolin da burauza ta ajiye: an sabunta dandalin, ita kuma tana haɗa tsoho da sabo. Ctrl da Shift da R na tilasta mata ɗauko sabo. In bai yi ba, Ctrl da Shift da Delete, ka share hotuna da fayilolin da aka ajiye na wucin gadi. Kada ka ji tsoro, aikin da ka riga ka aika yana can wurinsu, ba a kwamfutarka yake ba. Na biyu burauzar kanta. Opera Mini a yanayin tsimin data mafi tsanani tana sarrafa shafi ne a nata injinan kafin ta turo maka, kuma shafi irin wannan, mai canzawa duk dannawa, ba ya jure hakan.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mai karatu da Hausa. Yawancin ayyukan da Turanci suke, don haka mutum kan kunna fassarar Chrome. An gina shafin Zooniverse da manhajar React, wadda ke riƙe da lissafin kowane ɗan rubutu da ta ɗora a shafi. Fassarar kan cire rubutun ta sa nata a gurbinsa, sai React ta zo canza tambaya ta tarar abin da ta ajiye ba ya nan, shafin ya faɗi. Alamarsa ita ce komai na tafiya daidai har sai ka danna amsa. Dabarar ita ce ka fassara bayanin aikin da jagorar gane dabbobi a wata taga daban, ka karanta a tsanake, sannan ka bar tagar aiki da harshenta na asali.

Maɓallin Done ya maƙale bayan ka bar shafi a buɗe tun safe? Wataƙila izinin shigarka ne ya ƙare. Fita ka sake shiga da sunanka, ka rufe sauran tagogin dandalin. Agogon kwamfuta ma a duba shi, domin kwanan wata na kuskure kan sa burauza ta ƙi amincewa da takardar tsaron shafi.

Akwai abin da ake ɗauka matsala alhali ba ita ba ce. Tutar "Already seen" a kan hoto na nufin ka taɓa duba shi, "Finished" kuma na nufin ya samu adadin masu dubawa da ake buƙata an yi masa ritaya. In suna yawan fitowa, hotunan aikin ne suka kusa ƙarewa. Manhajar waya ta Android da iPhone ta fi sauƙi ga tambayoyin e ko a'a, sai dai ba kowane aiki ne a cikinta ba.

Mai kwamfuta da ke son tabbaci ya danna F12, ya shiga sashen Network, ya sabunta shafi ya duba layin da ya yi ja. Lamba 401 batun izinin shiga ce. 404 na nufin ba a samu fayil ɗin ba. 500 ko 502 ko 503 daga ɓangarensu ne, babu abin da sharar burauza za ta yi, sai jira. In hoto ɗaya ne tak yake ƙi, sauran na buɗewa, to fayil ɗin ne ya samu tangarɗa, kuma masu aikin na buƙatar sani. Rubuta musu sunan aikin, lambar hoton da ke ƙarshen adireshin shafinsa, burauzarka da sigarta, da lokacin da abin ya faru, ka haɗa da hoton allon da ke nuna jan layin.