Wane maganin wanki ya dace da tsohon fim na babbar kyamara?

A tsofaffin shagunan hoto na Katsina da Daura akan ci karo da fallayen fim masu inci 4x5 ko 5x7 da aka ɗauka ba a wanke ba, wataƙila na hawan Sallah ko na Sallar Gani. Hoton yana nan, amma shekaru da zafin ɗaki sun raunana shi, sun kuma shimfiɗa masa hazo. Kafin ka kashe kuɗi, ka san cewa maganin da ke danne hazo kake nema, ba mai ƙarfin fito da komai ba.

Kada ka buɗe kwalin sai cikin duhu ɗungurungum. Jar fitila ma ƙona shi za ta yi. Shafa gefen fallen, za ka ji 'yan tsage-tsage a kusurwa ɗaya. Su ke nuna irin fim ɗin, kuma idan ka riƙe fallen a tsaye suna sama ta dama, fuskar da ke ɗauke da hoton ce ke kallonka.

Idan fari-da-baƙi ne, HC-110 na Kodak ya fi cancanta, ko takwaransa Ilfotec HC. Ana haɗa kashi 1 da ruwa kashi 31, hazonsa kaɗan ne, kwalbar kuma tana daɗewa. D-76, wani maganin wankin Kodak, gari ne, ya fi sauƙin shigowa da shi daga waje, sai dai dole a dama fakitin gaba ɗaya, ba ya jure zafinmu bayan an dama, kuma yakan bar hazo fiye da HC-110. Maganin wanki na Rodinal yana da arha, amma barin fim a cikinsa awa guda ba motsi, kashi 1 cikin 100, yakan jawo zane-zane a falle mai faɗi. Ba na ba da shawararsa ga hoton da ba shi da na biyu.

In hazon ya yi yawa, sayi benzotriazole, sinadarin da ke danne hazo. Narka giram 1 a ruwa mililita 100, ka fara da mililita 2 zuwa 5 a kowace lita ta magani. Ka zarce, sassan hoton masu inuwa su ɓace tare da hazon.

Fim mai launi da ya haura shekara ashirin, sau da yawa gara a wanke shi da maganin fari-da-baƙi. Wankin C-41, wato tsarin da aka saba wanke fim mai launi da shi, yana buƙatar zafin digiri 38, tsohon fim na tsarin C-22 da ya gabace shi kuwa fatarsa saɓulewa take a wannan zafi. Fim mai launi na Kodachrome ma tun ƙarshen 2010 aka daina wankinsa da launi.

Batun mazubi: faranti uku sun isa (na maganin wanki, na tsayar da wankin, da na kafe hoton), amma cikin duhu za ka tsaya har ƙarshe, farce kuma yana karce fim. Tankin SP-445 yana ɗaukar falle 4 na 4x5 da magani ƙasa da rabin lita, da zarar ka rufe shi sai ka kunna fitila. Falle mai 5x7 ba ya shiga wannan tanki, amma faranti zai yi.

Ma'aunin zafi ya fi duk waɗannan muhimmanci a nan. Ruwan famfo a watan Afrilu yakan wuce digiri 30, wanda ke ƙara hazo ya kuma tausasa fatar fim. Sa mazubin cikin ruwan ƙanƙara har ya sauko 18 zuwa 20, ruwan ɗauraya ma haka. Wanke falle ɗaya tak tukuna, ka duba dodon, sannan ka ƙara ko rage minti. A lokacin hunturu, shanya shi a rufaffen banɗaki da aka yayyafa wa ruwa, don ƙurar da ta manne wa jiƙaƙƙen fim ba ta fita.