GARGAƊI: an damfare ni fam 240 a kan tikitin Arctic Monkeys a Sheffield

Salam jama'a. Kwana huɗu kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma yau dai sai na faɗa, musamman ga 'yan uwa ɗalibai da ke nan Ingila. Fam 240 wata mata ta cinye min. Fam ɗari biyu da arba'in. Ku lissafa da kanku a naira, ni na kasa.

Kafin wani ya ce wauta ce, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Ni ba yau na fara jin ƙungiyar mawaƙan nan ta Arctic Monkeys ba, tun ina Kano nake jin su a waya, kuma wallahi yana cikin abin da ya sa da na samu gurbin karatu na zaɓi Sheffield, garinsu ne, 'yan unguwar High Green ne. Da aka sanar za su yi wasa kwana biyu a Hillsborough Park, 9 da 10 ga Yunin 2023, tikiti ya ƙare ina wurin aiki ban ma samu shiga layi ba. To akwai wani guruf na masoyansu a Facebook da na yi wajen shekara biyu a ciki, kuma duk wanda ya san masoyan nan ya san yadda suke, mutane ne da za su kwana suna gardama a kan gashin Alex Turner, jagoran mawaƙan, na 2013 da na yanzu, wasu sun yi zanen kalmomin waƙarsa a jikinsu, wasu tun asuba suke zuwa bakin ƙofa da bargo don su samu gaba. Asalin tashin ƙungiyar ma ai masoya ne, faifan gwaji da suke rabawa kyauta a wurin wasa shi mutane suka dinga ɗorawa a intanet suna ba juna, har faifansu na farko ya fito a 2006 ya zama faifan farko na wata ƙungiya da ya fi saurin sayuwa a tarihin Birtaniya a lokacin. Amana tsakanin masoya ita ce tushen abin. A kan wannan amanar matar ta shigo min.

Akawun ɗinta na Facebook ba sabo ba ne, na duba. Na duba! Hotunanta a wurin wasanni, tsofaffin tikiti, har da hoto a gaban mashayar The Grapes inda suka yi wasansu na farko a 2003. Ta sa cewa mahaifiyarta na asibiti ba za ta samu zuwa ba, tana da tikiti biyu na ranar Asabar. Da na yi mata magana ba ta ma fara da kuɗi ba, tambayata ta yi wane faifai na fi so, muka yi kusan awa ɗaya muna musu, ita ta ce faifansu The Car bai kai na baya ba ni na ce ba ta saurare shi da kyau ba. Sannan ta ce, ni so nake tikitin nan ya je hannun masoyi na gaskiya, kai kuwa na ga alama. Maganar nan ita ke hana ni barci. Masoyi na gaskiya. Ina zaune a kicin ina murmushi ina jin daɗi an yabe ni, ashe farashi ake sa min. Ta ce 200 ne amma ta rage min 20, na ba da 180. Wane ɓarawo ne zai rage maka kuɗi? Haka na tambayi kaina a lokacin, kuma har yanzu ina ganin duk mai hankali abin da zai tambaya kenan.

A bakin ƙofa kuwa, ni da ɗan yayata da ya taso tun daga Leeds a jirgin ƙasa saboda ni na ce masa ya zo, na'ura ta nuna ja. Aka sake, ja. Ma'aikaciyar ta ce an riga an shiga da wannan lambar. Af na manta, kafin nan, ranar Laraba ne ko Alhamis, a'a Laraba, matar da ta sayar min ta dawo ta ce sai an biya fam 60 na canza suna a kan tikitin in ba haka ba ba za a bar ni in shiga ba. Na tura. 180 da 60, 240. A nan ne ya kamata in farga, na sani, amma ta turo min saƙon murya da irin harshen mutanen Yorkshire ɗin nan tana ba ni haƙuri, a bayanta ana jin kamar hayaniyar asibiti. Kuma tun farko ta ce in tura ta PayPal ta hanyar tura wa 'yan uwa da abokai don kada a cire mata kaso, ban san cewa ta wannan hanyar babu kariyar mai saye ba, sai bayan an gama nake karantawa.

Muna tsaye a gefen titi ƙungiyar The Hives masu buɗe wasan na kiɗa a ciki, na kira matar, ta yi min bulok ko'ina. Nan muka haɗu da wasu 'yan mata biyu suna kuka, muka haɗa waya, hoton tikiti ɗaya ne, lamba ɗaya. Ɗan yayata ya ce kawu ka bari mu tafi gida, na kasa ko kallon fuskarsa. Daga bayan shinge muka ji muryar Alex Turner tana tashi, mutumin da na yi shekaru ina jiran gani a garinsa.

A 2023 ɗin fam 10.42 ake biyana a awa, kuma biza awa 20 kawai ta yarda min a sati lokacin karatu. Fam 240 ya fi aikin sati guda cur, a tsaye, ina ɗaga kwali. Yayana da na gaya masa cewa ya yi, ka ɗauki kuɗi ka ba wadda ba ka taɓa gani ba saboda kiɗa? Na ce yaya ba haka ba ne, akawun ɗin ya fi shekara biyar. Yanzu an ce wai sace shi aka yi daga hannun mai shi ta asali, to ta ina zan sani?

Na kai ƙara Action Fraud, cibiyar karɓar ƙorafin damfara ta Birtaniya a lokacin, na sanar da banki. Sikirinshot na hirar duka da rasit biyu, na 180 da na 60, zan ɗora in na gama rufe sunan mai hoton, don ƙila ita ma cutarta aka yi. Kada ku sayi tikiti a guruf, hoton tikiti ba tikiti ba ne, ku bi ta Twickets, shafin sake sayar da tikiti, ko wurin da ya sayar tun farko. In kuma akwai wanda ta karɓar wa fam 60 na canza suna, ya yi min magana, mun kai mutum uku yanzu.